Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Karkarwar ƙafa a dutsen Stanage

A makon jiya mun tsaya inda na koyi ƙulla igiyar hawan dutse a ɗakin atisaye a Sheffield. To, ranar wata Asabar sai abokin hawana, wani dattijo ɗan garin, ya ɗauke ni zuwa Stanage, wani dogon bangon dutse a yankin Peak District, wanda ya zama gandun shaƙatawa na ƙasa na farko a Birtaniya a 1951. Dutsen mai kaushi ne, da shi ake sassaƙa dutsen niƙa a da, har yau ga waɗanda aka watsar nan zube a gindinsa.

Na kai rabi ke nan sai ƙafar dama ta kama karkarwa kamar keken ɗinki. Tafin hannuna ya jiƙe da zufa duk da sanyin da ake yi. Na ƙanƙame dutse, na kasa gaba, na kasa baya.

Daga ƙasa dattijon ya ce, "Ɗana, sauke diddigenka. Fitar da numfashi a hankali."

Abin da ya sa ya faɗi haka, wanda ya tsorata kan ɗage ya tsaya da 'yan yatsun ƙafa, sai naman ƙwauri ya gaji ya fara rawa. Yakan kuma damƙi dutse fiye da kima har hannu ya sage, ya riƙe numfashi bai sani ba. Ina sauke diddigen, karkarwar ta lafa. Na shafa alli a hannu don ya tsotse zufa, na daina hangen ƙololuwa, na nemi inda zan ɗora ƙafa sau ɗaya kawai.

A ganina tsoro iri biyu ne. Akwai na gaskiya, mai cewa ka duba ƙulli da ɗamara, ka duba mai riƙe maka igiya. Wannan a ƙasa ake sauraronsa. Ɗayan kuwa bayan ka gama dubawa yake zuwa, sai dai a lallashe shi. Hadisin nan na ɗaure raƙumi sannan a yi tawakkali, a jikin dutsen nan na gane shi sosai.

Da dare na buga wa Inna waya. Ta yi shiru, can ta ce, "Karatu muka tura ka ko hawan dutse? Allah dai ya tsare."

A mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan kawo muku ranar da dattijon ya sa na saki dutse da gangan don in koyi faɗuwa.