Tsohuwar ɗakin ƙurya

Tun ban kai shekara goma ba na haddace salsalar gidanmu. Duk ranar suna ko ɗaurin aure a gidanmu na Aboabo, Baffa zai gyara zama ya jero ta, wane ɗan wane ɗan wane, har ta dangana da wani Ba'agale mutumin Kano da ya biyo ayarin goro ya sauka Salaga a arewacin Gana, da mahaifinsa da ya bari a gida. Maza biyar ne rak, kamar yatsun hannu. Da ita muke tinƙaho, da ita kuma muke kare kanmu, domin duk ɗan zango a Kumasi ya san tambayar nan ta "daga ina kakanka ya zo". Ya sha ta a makaranta, ya sha ta a layin neman takarda. Ni ma zafin wannan tambayar ne ya kai ni ajin binciken asali da aka buɗe a unguwarmu bayan Babbar Sallah. Na je neman hujjar da zan nuna cewa mun fi shekara 130 a ƙasar nan.

Ajin na ranar Asabar ne bayan la'asar, a wani ɗakin Islamiyya, kan bencinan yara. Mu goma sha huɗu ne. Akwai tela, akwai direban trotro, wato motar haya, akwai ma'aikatan jinya biyu, da wani dattijo mai sayar da kayan mota a Suame wanda bai taɓa fashi ba ko ana ruwa. Malaminmu tsohon malamin tarihi ne da ya yi ritaya, ya shekara da shekaru yana shiga ma'ajiyar takardun gwamnati. Ranar farko bai ce mana komai a kan Kano ko Katsina ba. Cewa ya yi kowa ya raba shafin littafinsa gida uku: abin da ka gani da idonka a rubuce, abin da aka faɗa maka, da abin da kake zato. A gida na biyu sai ka rubuta wanda ya faɗa maka, da ranar, da wanda shi ma ya faɗa masa. Ya ce mu da muka tashi muna jin yadda malaman hadisi ke bin isnadi bai kamata wannan ya zame mana baƙon abu ba. Da na koma gida na zuba salsalarmu a wannan ma'auni, sai na tarar sunaye biyu kaɗai ke da takarda. Sauran ukun daga bakin Baffa suke, shi kuma daga bakin mahaifinsa.

Doka ta biyu ita ce ka fara daga kanka ka yi baya, tsani-tsani, kada ka yi tsalle. Yawancinmu so muke mu dira a birnin Kano tun ranar farko. Malam ya hana. Ya ce rajistar haihuwa a ƙasar nan sai 1912 aka fara ta, a wasu garuruwa kawai, kuma sai 1965 doka ta game ƙasa duka, saboda haka wanda ke jiran takardar haihuwar kakan kakansa zai daɗe yana jira. Abin da ya koya mana shi ne kafa shekara da abin da ya faru. Tsofaffinmu ba sa cewa 1918, cewa suke shekarar babbar mura. Akwai annobar 1924 da ta sa Turawa suka rushe tsohon zangon Kumasi aka gina sabo, kuma a ƙarshen shekarar ne Sarkin Asante Prempeh na ɗaya ya dawo daga tsibirin Seshel. Akwai girgizar ƙasar Ankara, babban birnin Gana, ta 1939, da husufin rana na Mayun 1947, da 'yancin kai a 1957, da korar baƙi ta Firayim Minista Busia a Nuwamban 1969, wadda ta ba mutane mako biyu su tattara. Wannan ta ƙarshe ta raba gidanmu biyu, kuma rabin takardunmu sun bi waɗanda suka tafi Najeriya.

Abin da ya rage yana cikin wata adaka a ƙarƙashin gadon Gwaggo, yayar babana. Da muka jawo ta, ƙamshin tsohuwar fata da kafur ya cika ɗakin. A ciki akwai gafaka, a cikin gafakar akwai littafin fiƙihu rubutun hannu, warƙa-warƙa, gara ta ci gefensa. A bayan warƙar ƙarshe, da tawadar da ta koma ja, wani ya rubuta haihuwar 'ya'yansa layi-layi da Larabci, da wata da shekarar Hijira. Layi na biyu sunan kakana ne, watan Rajab, 1343. Malam ya riga ya koya mana lissafin: ka ninka shekarar Hijira da 0.97, ka ƙara 622. Ya ba ni ƙarshen 1924, kuma tun da Rajab wata na bakwai ne, haihuwar ta faɗo farkon 1925. Gwaggo ba ta san lissafin da nake yi ba. Na tambaye ta yaushe aka haifi babansu, ta ce, "Uwata, ai an ce ana tsakar tashin zango aka yi cikinsa, Sarkin Asante na dawowa ba da jimawa ba aka haife shi." Sunan mahaifiyarta aka sa mini, shi ya sa take kirana haka. Tsigar jikina ta tashi. Maganar bakin tsohuwa da tawadar wanda ya rasu tun kafin a haife ni sun haɗu a wuri ɗaya ba tare da sun san juna ba.

Makonnin da suka biyo baya na takardun Turawa ne. Malam ya kai mu reshen PRAAD, ma'ajiyar takardun gwamnati, na Kumasi, inda ake ajiye fayilolin mulkin mallaka na Asante, ya kuma bayyana mana abin da ke ma'ajiyar Manhyia, fadar Sarkin Asante, na shari'o'i da filaye, da rubuce-rubucen Larabci da ajami da aka tattara a Cibiyar Nazarin Afirka ta Jami'ar Gana da ke Legon a shekarun 1960. Babban darasin wurin shi ne rubutun suna. Akawun Bature yadda kunnensa ya ji yake rubutawa. Muhammadu ya koma Mahama ko Mamadu, Abubakar ya koma Bukari, Usmanu ya koma Osumanu, Abdullahi ya koma Abudulai. In ka nemi suna da rubutu ɗaya tak, za ka wuce kakanka a shafi ba ka gane shi ba. Sojoji kuwa garinsu ko ƙabilarsu ake liƙa musu a madadin sunan uba: Kano, Sokoto, Moshi, Wangara, Grunshi. Sojan da aka ce shi ya fara harba bindiga a ɓangaren Ingila a yaƙin duniya na farko, a Togo cikin Agustan 1914, Alhaji Grunshi aka rubuta sunansa. Ni ban sami kowa nawa a fayilolin ba sai wani suna mai kama da na kakan babana, kuma Malam ya sa na ajiye shi a gidan zato har sai na sami shaida ta biyu. Yana can har yanzu.

A mako na shida ne abin ya juya mini. Malam ya ce kowa ya zana bishiyar gidansu a babban kwali, kuma kowane namiji a ja masa layi zuwa uwar da ta haife shi. Na zana. Ɓangaren maza ya tafi sambal har Kano. Na mata ya tsaya cak a hawa na uku. Kakan babana, wanda aka ce an goyo shi daga Salaga lokacin yaƙin basasar 1892 da ya watsa kasuwar, aka bi da shi Kete-Krachi kafin daga baya ya sauko Kumasi, wa ya goyo shi? Shekara talatin da wani abu ina jin labarin goyon nan, ban taɓa tambayar bayan wa aka ɗaure shi ba.

Na kai wa Gwaggo kwalin da daddare, bayan ta idar da shafa'i da wuturi. Na ɗora yatsa a kan gurbin. Ta daɗe tana kallon wurin, sannan ta ce in tura ƙofa.

Ta ce ta san ta. Gwaggo haihuwar shekarar husufi ce, kuma tana da wayo sarai lokacin da wata tsohuwa tukuf ke zaune a ɗakin ƙurya, wanda yanzu muke ajiye buhunan gawayi a ciki. Ba a kiran ta da suna, Tsohuwa kawai ake cewa. Fuskarta cike da tsaga, irin wadda babu mai ita a gidan. Hausarta ba ta taɓa miƙewa ba har ta rasu. In tana ƙirga goro, ƙwarya-ƙwarya, tana jera shi a ganye tana yayyafa ruwa, da wani harshe take ƙirgawa can ƙasa-ƙasa. Tana da wata waƙa da take yi wa jarirai. Gwaggo ta rera mini karin, babu kalma ko ɗaya, don ba ta taɓa sanin kalmomin ba. Ta ce kafin 'yancin kai da kaɗan Tsohuwa ta rasu, aka kai ta maƙabartar Tafo. Sai ta rage murya ta ce, "Bagurunshiya ce. A kasuwar Salaga aka saye ta tana yarinya. Sa-ɗaka ce, ba matar aure ba. Sunan da take da shi ma ubangidanta ne ya sa mata."

Tarihin da ke bayan wannan magana ba ɓoyayye ba ne. A ƙarshen ƙarni na 19 mayaƙan Zabarmawa, a ƙarƙashin Gazari sannan Babatu, sun yi ta kai hari ƙasar da ake kira Gurunshi, wato garuruwan Kasena da Sisala da Nuna, a arewacin Gana da kudancin Burkina Faso na yau. Mutanen da suka kama da yawa a Salaga aka sayar da su, kasuwar da fatakenmu ke sauke kanwa da tufafi su ɗauki goro. Na san wannan tun a makaranta. Na karanta shi kamar labarin wasu mutane can. Ban taɓa kawowa a raina cewa falken da muke alfahari da shi yana cikin masu saye ba, kuma yarinyar da aka saya jininta ke gudana a jikina daidai da nasa. A shari'a ɗan da ta haifa ɗa ne, ya gaji ubansa, ya ɗauki sunansa, shi ya sa salsalar ta tafi lafiya ba tare da ita ba. Amma ita ce ta ɗaure shi a baya ta fita daga garin da ke cin wuta. Daren nan ban runtsa ba.

Da Baffa ya ji, ransa ya ɓaci ƙwarai. Ya aika aka kira ni zaure. Ya ce, "Ke 'yar nan, yawan tone-tone kaza ke tono wuƙar yanka ta. Kina da ƙanne mata da ba su yi aure ba. A bar kaza cikin gashinta." Na durƙusa na saurare shi har ya gama, kuma ban ɗauki maganarsa ta banza ba. Ya rayu a zamanin da kalma ɗaya irin wannan ke warware baiko, kuma har yau akwai gidajen da ake binciken asali kafin a karɓi sadaki. Tsoronsa na gaske ne. Abin da na kasa yarda da shi shi ne a ce abin kunyar nata ne. Yarinyar da aka raba da uwarta da garinta da sunanta, me ta yi? Na ce masa, "Baffa, Allah ya huci zuciyarka. Duk Ramadan muna sauke Alƙur'ani mu kira sunan mutum biyar. Ita ko sau ɗaya ba mu taɓa ambatonta ba, kuma a gidan nan ta rasu." Bai amsa ba. Ya ɗauki butarsa ya fita masallaci.

Na faɗa wa Malam a keɓe. Ya ce a cikinmu goma sha huɗu ni ce ta uku da ta zo masa da irin wannan, kuma kowa na zaton shi kaɗai ne. Ya gargaɗe ni kada in rubuta sunan kowa a fili sai da yardar gida, shi ya sa ba ku ga suna ko ɗaya a nan ba. Ya kuma ba ni aiki: in sa Gwaggo ta zana tsagar yadda take tunawa, layi nawa, daga ina zuwa ina, domin tsofaffin wanzamai da dattawan Kasena da Sisala mazauna Kumasi na iya gane ta wane yanki ce. In kuma ɗauki karin waƙar a waya. Na yi duka biyun. Gwaggo ta zana da gawayi a bayan kwalin, hannunta na rawa, ta goge sau biyu kafin ta ce haka ne.

A gurbin na rubuta "Tsohuwa" da biro, a gidan abin da aka faɗa mini, da sunan Gwaggo da kwanan wata a gefe. Layin ubanta da na uwarta na bar su fari. Baffa har yanzu bai ce a rataye kwalin a zaure ba, yana ɗakina a bayan ƙofa. Gwaggo ta ce tana tuna ɓangaren da aka sa ta a maƙabartar Tafo, ko da kabarin ya shafe, kuma tana so ta yi mata addu'a daga bakin wurin tun tana da sauran ƙarfi. Mun sa ranar Juma'a mai zuwa da hantsi. Na riga na yi magana da mai tasi, saboda gwiwoyinta ba za su iya hawan trotro ba.