Takardar da Ke Kan Tebur da Wadda Ke Isa Akwatin Imel

Aikina na yau da kullum karɓar takardu ne ta imel: shaidar kammala karatu, rasit, yarjejeniyar da aka sa wa hannu, fom ɗin da aka cike da biro. Ina buɗewa, in duba, in ajiye kowacce a muhallinta. Mutane ba sa ƙin turowa, suna turowa sosai. Abin da ke damuna shi ne yadda takarda mai kyau, wadda mai ita ya adana shekara da shekaru ba ta ko lanƙwashe ba, take isowa gabana a karkace, da inuwar hannu a gefe, rabin hatiminta a yanke, ko kuma ta zo shafi goma sha biyu a fayil goma sha biyu, kowanne da sunan da na'ura ta raɗa masa. Mai turowa yana ganin ya gama nasa. Ni kuma ba ni da ikon amincewa da abin da ban iya karantawa ba, sai in mayar masa da saƙo, kwana ya ƙaru a kan buƙatarsa. Wani lokaci ma wa'adin da aka ɗiba yana cika kafin ya sake turowa, kuma wannan yana yi mini ciwo.

Tambayar da nake so kowa ya fara yi wa kansa ita ce: wannan takardar, a ina aka haife ta? In a kwamfuta aka rubuta ta, kuma ba wanda ya sa mata hannu ko hatimi, to babu dalilin buga ta a firinta sannan a mayar da ita cikin sikana. Na sha ganin haka. Mutum ya rubuta wasiƙa, ya buga, ya ɗauki hotonta, ya turo, alhali asalin rubutun yana nan a kwamfutarsa garau. Tun daga Windows 10, wadda ta fito a 2015, akwai wata firinta da ba ta cin takarda a cikin jerin firintoci, sunanta Microsoft Print to PDF. Ka danna bugawa kamar kullum, ka zaɓe ta, sai ta tambaye ka inda za ta ajiye fayil ɗin. A kwamfutar Mac ma maɓallin PDF yana nan a ƙasan tagar bugawa. Fayil ɗin da ya fito ta wannan hanya ƙarami ne, harufansa tar, kuma ina iya neman suna ko lamba a cikinsa ba tare da na bi layi-layi da ido ba.

Me ya sa PDF, ba fayil ɗin Word ba? Saboda Word yana sake tsara shafi gwargwadon irin harufan da ke kan kwamfutar mai buɗewa. Abin da ya tsaya a shafi biyu a wurinka yana iya zubowa zuwa na uku a wurina, layin sa hannu ya koma can shi kaɗai. Kamfanin Adobe ya fito da PDF a 1993 don maganin wannan matsalar daidai, kuma tun 2008 ya zama ma'aunin duniya da kowa ke iya amfani da shi. Shafin da ka gani shi zan gani.

In kuwa takardar a hannu kawai take, sai sikana. A nan ne mafi yawan ɓarnar take faruwa, kuma lamba ɗaya ce ke jawo ta: yawan ɗigon da na'urar ke ɗauka a kowane inci. Shafin A4 a ɗigo 300 yana fitowa da faɗin 2480 da tsawon 3508, wato ɗigo kusan miliyan 8.7. In da launi aka ɗauke shi kuma ba a matse ba, shafi ɗaya tak ya kai kimanin megabait 26. Mutane suna ganin 600 a cikin zaɓi sai su ce ai wanda ya fi yawa shi ya fi kyau. Ninka lambar sau biyu yana ninka nauyin sau huɗu, domin tsawo da faɗi duka suke ƙaruwa, kuma idon mai karanta rasit ba zai ga bambancin ba. Ni 300 nake sawa in akwai ƙananan rubutu ko hatimi, 200 kuma ta wadatar ga wasiƙa mai manyan harufa. Ƙasa da 150 ba na yarda, don a nan ne 3 take fara kama da 8, kuma a takardar kuɗi wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Batun launi yana buƙatar tunani fiye da yadda ake ba shi. Zaɓin baƙi da fari zalla shi ne mafi sauƙin nauyi, amma yana da mugun hali: duk abin da bai yi duhu sosai ba sai ya mayar da shi fari. Sa hannun da aka yi da shuɗin biro mai haske, ko hatimin da tawadarsa ta kusa ƙarewa, suna iya ɓacewa ɗungurungum. Zaɓin ruwan toka ya fi aminci ga yawancin takardu. Launi kuwa na ajiye shi ga takardar da launin nata shaida ne, kamar mai hoton fuska ko jan hatimi.

Sai a haɗa shafukan wuri ɗaya. Takarda ɗaya, fayil ɗaya, shafuka a jere, kowanne kansa a sama. Manhajar da ke zuwa da sikana galibi tana da wannan zaɓi, in kuma ba ta da shi, akwai NAPS2, kyauta ce, tana ba ka damar juya shafi, ka sake jera su, ka cire wanda ya fito babu komai. Sunan fayil kuma ka rubuta shi da kanka: sunanka, irin takardar, da kwanan wata. Wanda ke karɓar takardun mutane da yawa, in ya ga fayil ashirin duk sunansu lambobi, dole ya buɗe kowanne kafin ya san na wane ne.

Yanzu ga manhajar imel ɗin kanta, ko Outlook ce, ko Thunderbird, ko Mail ta Apple. Hanyar da ba ta ba da matsala ita ce alamar ƙarfen maƙala takarda da ke saman tagar rubutu: ka danna, ka nemo fayil, ka zaɓa. Jawo fayil da linzami a jefa shi cikin saƙo ma yana aiki, amma in hoto ne, yana iya shigewa cikin jikin wasiƙar maimakon ya zauna a matsayin abin da aka maƙala, wasu manhajojin ma har su rage girmansa. Sai in ga takardar a tsakiyar rubutu, ƙarama, ba ta buguwa da kyau. Wannan ma wani dalili ne na fifita PDF a kan hoto.

Akwai abin da mutane da yawa ba su sani ba game da nauyi. An gina imel ne tun asali don ya ɗauki rubutu kawai. A 1992 ne Nathaniel Borenstein da Ned Freed suka fito da tsarin MIME, wanda ya ba da damar saka fayil a cikin saƙo, kuma dabarar ita ce a mayar da fayil ɗin harufa: kowane bait uku ya zama harafi huɗu. Ma'ana duk abin da ka maƙala yana kumbura da kusan kashi ɗaya cikin uku a hanya. Fayil mai megabait 18 yana tafiya ne a matsayin kusan 24. Gmail ya tsayar da iyakarsa a megabait 25, Outlook na kan kwamfuta yakan tsaya a 20 ga asusun intanet, sabar wasu ofisoshi kuma, wato kwamfutar da ke karɓa da aika imel ɗinsu, iyakarta ba ta kai haka ba. Iyakar da za ta yanke hukunci ita ce mafi ƙanƙanta a tsakaninka da mai karɓa, kuma ba ka san tasa ba. Shi ya sa nake riƙe saƙona ƙasa da megabait 10. In ya wuce, ko in sake ɗaukar takardar da ƙarancin ɗigo, ko in raba ta saƙo biyu in faɗa a kan kowanne cewa na ɗaya ne ko na biyu.

Manhajar kan kwamfuta tana da wani halin da ya kamata a sa wa ido. Danna aikawa ba ya nufin saƙon ya tafi. Yana fara shiga akwatin fita ne, kuma in intanet ta yanke ko fayil ya yi nauyi, nan zai kwana, mai shi yana can yana jiran amsa. Ka leƙa akwatin fita ka ga babu komai, ka leƙa na waɗanda aka aika ka ga saƙon yana ciki, sannan ka rufe kwamfuta.

Masu Outlook kuma, in wani ya ce muku abin da ya gani wani fayil ne mai suna winmail.dat wanda ya ƙi buɗuwa, laifin ba na kwamfutarsa ba ne. Outlook ɗinku ne ya naɗe saƙon a wani tsari na Microsoft da sauran manhajoji ba sa fahimta. A sauya tsarin rubutun saƙon zuwa HTML ko rubutu zalla, a sake aikawa, shi ke nan.

Al'adata kafin in danna aikawa ita ce in buɗe fayil ɗin daga cikin saƙon kansa, ba daga inda na ajiye shi ba. In ƙirga shafuka, in duba kusurwa huɗu, in ƙara girman wurin sa hannu in tabbatar yana nan. Adireshin mai karɓa shi nake rubutawa a ƙarshe, don saƙon da ba shi da adireshi ba ya kuɓucewa kafin a gama shi. Thunderbird tana tunatar da mutum in ya ambaci maƙala fayil a rubutunsa amma bai maƙala ba, kuma ana iya ƙara mata kalmomin da za ta riƙa lura da su a cikin saituna, don haka na sa mata irin waɗanda nake rubutawa da Hausa.

Abu na ƙarshe ya fi duk waɗannan nauyi a wurina, domin takardun da ke ratsa hannuna na mutane ne: katin shaida, bayanin asusun banki, sakamakon gwajin asibiti. Kwafin abin da ka aika yana zama a akwatinka, yana zama a sabar kamfanin imel ɗinka, yana zama a ta mai karɓa, kuma ba ka da iko da wanda zai tura wa gaba. In akwai lambar da ba a buƙata a takardar, ka rufe ta da ƙyallen takarda tun kafin ka sa a sikana. Zana baƙin akwati a kan PDF sau da yawa ba ya goge rubutun da ke ƙasa, ana iya kwafo shi a liƙa a wani wuri ya fito sarai. In ka kulle fayil da kalmar sirri, kada ka rubuta ta a cikin saƙon da ke ɗauke da fayil ɗin. Kira mutumin a waya ka faɗa masa. In kuma kwamfutar ba taka ba ce kai kaɗai, ka goge fayil ɗin daga foldar da sikana ke zubawa, ka bi shi kwandon shara ka sake gogewa.