Soket ɗin kicin ya mutu, ashe waya ce ta ƙone

Jiya da safe uwargida ta jona hita a soket ɗin kicin, shiru kake ji. Na ɗauka wuta aka ɗauke, sai ga fanka na ta juyawa a falo. Na fara zargin fis ɗin fulogin, irin mai 13 amp ɗin nan, na kai hitar ɗaki na jona ta kama lafiya lau, to ba ita ba ce.

Na je wajen bireka, babu wadda ta faɗi. Nan na kashe men suwic gaba ɗaya, don wutar 230 ba abokiyar wasa ba ce wallahi, na dangwala tasta na ga ba ta kawo haske ba sannan na kwance soket ɗin. Ina buɗewa wani ƙauri ya buge ni, ashe sukurun da ke riƙe jar waya ne ya saki, wajen ya yi ta zafi har roba ta narke ta yi baƙi ƙirin.

Na yanke ƙonannen, na fere sabon baki, na sa sabon soket na ɗaure tam. Shayin dai sai ƙarfe goma aka sha.