Matar Ramseyer da jaririnta a hanyar Kumasi

Na shafe shekaru ina bi ta unguwar Adum zuwa kasuwar Kejetia a birnin Kumasi na ƙasar Ghana, ina wuce cocin da ke ɗauke da sunan Ramseyer, ban taɓa tambayar ko wane ne mai sunan ba, sai ranar da wata dattijuwa Kirista, maƙwabciyarmu a Aboabo, ta ba ni labarinsa. Abin da ya tsaya mini a rai kuwa shi ne halin da iyalinsa suka shiga.

Fritz Ramseyer mutumin Suwizalan ne, ma'aikacin Mishan na Basel, ƙungiyar da masu wa'azinta na farko suka sauka a Osu, da ke cikin Accra a yau, a shekarar 1828, zazzaɓi ya kashe uku daga cikin su huɗun cikin 'yan watanni. A 1869 dakarun Asante ƙarƙashin Adu Bofo suka kama Ramseyer a garin Anum, inda yake aikin mishan, tare da matarsa Rosa da jaririnsu, suka taso ƙeyarsu a ƙafa zuwa Kumasi. Jaririn ya rasu a hanya. Ina yawan tunanin matar nan, wadda ta binne ɗanta a ƙasar da ba ta da kowa, sannan ta zauna a tsare har 1874. Duk da haka ta sake biyo mijinta Kumasi a 1896, kuma da yaƙin Yaa Asantewaa, sarauniyar da ta jagoranci Asante kan Turawan Ingila, ya ɓarke a 1900 suna cikin waɗanda aka yi wa ƙawanya a ganuwar Turawa, wadda ta zama gidan tarihin soja a yau.

Ma'aikatan mishan ɗin da 'ya'yansu suka rayu ma ba su huta ba, domin tun 1853 ƙungiyar ta kafa dokar cewa duk yaron da ya isa shiga makaranta sai a mayar da shi Turai. Yawancinsu a gidan yara na Basel suka tashi, suna sanin iyayensu ta wasiƙun da jirgin ruwa ke kawowa, wasu kuma sai an yi shekaru kafin su sake haɗa ido da uwar da ta haife su.

Da farko na ga rashin tausayi a dokar, ganin cewa kakanninmu fatake da suka biyo hanyar Salaga neman goro suka kafa zango, 'ya'yansu a gabansu suka girma. Sai dai na tuna cewa mu ma mukan damƙa ƙaramin yaro a hannun malami ya tafi da shi wani gari neman karatu, uwa tana kawaici, saboda haka na sassauta hukuncina, ko da yake har yanzu dokar ba ta kwanta mini ba.

Da na tambayi dattijuwar dalilin da ya sa ba a cika ambaton Rosa ba, sai ta yi dariya ta ce, "Ɗana, a naku zangon sunan matar wane bafatake aka sa wa unguwa?"