Citta 'yar ekspot

A kasuwar Kaciya, idan dillali na son ya tsuga maka kuɗi, sai ya daki buhu ya ce, "Alhaji, wannan cittar fa 'yar ekspot ce," wato irin wadda ake fitarwa ƙasashen waje. Shekara 14 ke nan ina sayen citta a can da Kwoi, in kawo sitonmu na Kakuri a nan Kaduna, mu tsince ta, mu cika kwantena sai tashar jiragen ruwa ta Apapa a Legas. Amma sai bara na san asalin kalmar da nake cin abinci da ita. 'Yata da ke jami'a ce ta ce, "Baba, ai Latin ce: ex na nufin waje, portare kuma ɗauka." Na ce to ashe dako ne aka sa wa babbar riga! Daga nan Faransawa suka samo tasu, Jamusawa kuwa Ausfuhr suke cewa, wato fitarwa.

Ta Larabawa ta fi kwanta mini. Mai sayen kayana a Dubai kullum "tasdir" yake rubutowa, sai na kai wa malaminmu na zaure. Ya ce a tsohon Larabci, in raƙuma sun gangara mashaya an ce warada, in sun sha sun juyo an ce sadara. Shi ya sa shigo da kaya istirad, fitar da su tasdir. Nan take na tuna kakanmu, farke ne da ya bi ayari zuwa Gwanja neman goro. Shi fatauci ya sani.

Wurin kawuna na koyi sana'ar, kuma bai taɓa yarda da baki ko saman buhu ba. Hannu yake zurawa har gwiwa, ya zaro ɗaya, ya karya kusa da kunnena. In ta ce ƙas, cikinta fes, yajin ya hau hanci, ta bushe. In ta lanƙwashe, ko kallon mai ita ba ya sake yi. Har yau haka muke yi. A tsage ta biyu a tsaye, a shanya kan tamfol cikin iskar hunturu, ba a kan ƙasa ba, mata su zauna su fitar da mai fumfuna ɗaya bayan ɗaya.

Abin da ke ƙona mini rai masu yayyafa ruwa ne don nauyi, da masu binne yashi a tsakiyar buhu. Tun da cuta ta cinye gonakin citta a kudancin Kaduna a 2023, kuɗi ya haura, abin ya zama ruwan dare. Wani ya kawo mini buhu 60, har da rantsuwa. Muka zazzage biyar, uku sun yi gumi. A motarsa ya koma da su, kuma na ji ya sayar wa wani da sunan 'yar ekspot.

In ka zo sitonmu, kai za ka nuna buhun da kake so, yara su farke shi a gabanka.