Minti 40 na Auta

Asabar. Sanyi ya fara kama jiki sosai, ruwan tafkin lambu har ya yi ɓawo a gefe-gefe. Mu 7 muka fito atisayen tsayuwa, irin na masu koyon faɗan Sinawa. Tsoho, malaminmu, ya riga kowa kamar kullum, gorar shayinsa na rataye a reshe.

Maganar Auta ce ta hana ni sakat tun safe. Muna sauke hannu ya taho yana murna, ya miƙo mini waya: "Yaya, duba, minti 40 cif, ko motsi ban yi ba." Tsoho ya ji. Bai yaba ba, bai kushe ba, sai ya ce ya koma ya tsaya yadda ya tsaya ɗin. Ya ɗora tafi a kan hannunsa ya tura a hankali, turin da ko ƙofar ɗaki ba zai buɗe ba. Auta ya yi baya taku biyu. A hanyar komawa ya yi shiru har muka kusa tasha, sannan ya ce, "To Yaya, in minti 40 bai hana a ture ni ba, tsayuwar me ake yi? Ai gara a koya mini naushi." Na fara ba shi amsa mota ta iso, maganar ta yanke a tsakiya, kuma abin da na faɗa ɗin ma bai gamsar da ni ba.

Sinawa suna kiran abin jan juwang, wato tsayuwar turke. A fannonin faɗan da suke kira na ciki, Taici da Shingyi da Bagwa, abin da ake nema shi ne jiki ya zama abu guda: ƙarfi ya taso daga ƙasa ta tafin ƙafa, ya bi cinya da ƙugu da baya, ya fita ta hannu bai maƙale a hanya ba. Turin abokin karawa kuma ya bi wannan hanyar ya gangara ƙasa. Matsalar ita ce mai motsi ba ya jin inda abin ke maƙalewa, sauri yana rufe masa aibinsa. Tsayuwa tana ɗauke motsin, ta bar mutum shi da aibin nasa su kaɗai. Shi ya sa Wang Xiangzhai, wanda ya koyi Shingyi a hannun Guo Yunshen a lardin Hebei, ya ajiye haddar jerin taku, ya kafa salonsa na Yicuwan a shekarun 1920 a kan tsayuwa. Maganarsa da almajirai ke maimaitawa ita ce babban motsi bai kai ƙarami ba, ƙarami kuma bai kai rashin motsi ba. Ba sandarewa yake nufi ba, kuma nan ne Auta ya ɓata.

Tsayuwar da muke yi da safe ita ce ta runguma. Ƙafa a buɗe daidai faɗin kafaɗa, yatsu na kallon gaba. Gwiwa a ɗan lanƙwashe, kada ta wuce kan yatsun ƙafa, kada kuma ta karkato ciki. Lanƙwasar ma daga matsematsi take farawa, kamar za ka zauna a bakin doguwar kujera, gwiwa biyo baya take yi. Kwankwaso a sake shi ya sauka, ramin nan na ƙasan baya ya ɗan cike, ba tare da an matse ɗuwawu ba. Kai a miƙe, haɓa ta ɗan shigo, ƙeya ta yi tsawo. Duk wadda ta taɓa ɗauko tulu daga rafi ta san wannan tsarin ba tare da an koya mata ba, don in wuya ya karye ruwa zai zube. Hannuwa a gaban ƙirji kamar an rungumi randa, yatsu a buɗe suna kallon juna, tsakaninsu kamar faɗin dunƙulen hannu biyu zuwa uku. Gwiwar hannu ƙasa da wuyan hannu kaɗan, hammata da ɗan sarari kamar an saka ƙwai. Harshe a ganɗa, numfashi ta hanci, a bar shi ya sauka mara da kansa.

Na tsaya bayan Auta yau, na ga komai. Daga minti na 10 kafaɗunsa suka hau har kusa da kunne, saboda tsokar kafaɗa ta gaji, wuya ya karɓi aikin. Da cinya ta fara zafi sai ya gantsare, nauyi ya koma diddige, yatsun ƙafa suka yi sama-sama cikin takalmi. Numfashi ya tsaya a ƙirji, muƙamuƙi a cije. Sauran minti 30 ɗin juriya ce kawai, kuma juriyar tana koya wa jiki riƙe kansa da tauri. Da Tsoho ya tura, turin ya shiga hannu ya iso kafaɗa ya tarar da ita a kulle, sai ya tafi da gangar jikin gaba ɗaya kamar an tura ƙyaure. Diddige kuma ba shi da abin da zai tare da shi. Inda kafaɗa a sauke take, baya a cike, nauyi a tsakiyar tafin ƙafa, da turin ya wuce ƙasa, mai turin ne zai ji kamar bango yake dafe da shi.

Abin da agogo ba ya aunawa shi ne aikin da ake yi a ciki. Malamai suna cewa turawa kashi 3, runguma kashi 7: hannu yana jawo randar ciki, a lokaci guda yana hana ta matse ƙirji. Ka ɗauka akwai roba tsakanin wuyan hannunka biyu, ka ja ta kaɗan, ka sake, ka matse ta kaɗan, ka sake, ba tare da wanda ke gefe ya ga hannun ya motsa ba. Sannan gaba da baya, sannan sama da ƙasa. Kowane ja sai ka nemi jinsa a ƙafa. In hannu kaɗai ya yi aikin, ba a yi ba. Tsakanin wannan kuma ido na ciki yana zagaye: goshi, muƙamuƙi, kafaɗa, ƙirji, kwankwaso, yatsun ƙafa, duk inda ya ɗaure a kwance shi, a dawo a sake, domin zai sake ɗaurewa.

Sabon shiga minti 5 ya ishe shi. A ƙara minti ɗaya ko biyu duk mako, har a kai 20 ko 30, kuma kullum, don minti 10 na kowace safiya ya fi awa guda ta ranar Asabar. Rawar cinya, zafin tsoka, gumi, ɗumin tafin hannu, duk ba komai, suna wucewa. Amma ciwo mai suka a cikin gaɓar gwiwa alama ce ta a tashi sama a gyara, galibi gwiwar ce ta wuce yatsu ko ta faɗa ciki. Jiri yakan zo daga riƙe numfashi ko sandarar da gwiwa, a sauke hannu a zauna. Ba a yi da cikakken ciki, a bari awa guda bayan abinci, kuma ba a tsayawa a bakin iska da gumi a jiki. In kafaɗa ta gagara, a sauke hannuwa zuwa cibiya a ci gaba, ba abin kunya ba ne. In an gama a murza gwiwa, a yi ɗan tattaki.

'Yan Shingyi tasu tsayuwar ita ce santi: ƙafa ɗaya gaba, nauyi kashi 6 ko 7 cikin 10 a ta baya, hannun gaba a miƙe daidai ƙirji, na baya a cibiya, kan hanci da kan yatsan hannu da kan yatsan ƙafa a layi ɗaya. Minti 3 a kowace ƙafa ya isa ya sa ƙato gumi a wannan sanyin. Karin maganarsu cewa yake wanda ya shigo ƙofa sai ya fara tsayuwar shekara 3.

Sai dai tun la'asar raina ke dagule, don rabin maganar yaron gaskiya ce. Tsayuwa ba ta koya wa kowa auna tazara, ko kauce wa naushi, ko abin da zai yi in an fasa masa hanci. A tsarin Wang ma matakin farko ce kawai, bayanta akwai gwada ƙarfi cikin motsi a hankali, da taku, da fitar da ƙarfi, da turin hannu da abokin yi, sannan karawa ta gaske. Lambunan birnin nan cike suke da masu shekara 10 suna tsayuwa, lafiyarsu ta gyaru, barcinsu ya yi daɗi, kuma wannan riba ce babba, amma wasu a cikinsu sun ɗauka sun iya faɗa. Kowa ya ga abin da ya faru a birnin Chengdu na Sin a 2017, da Xu Xiaodong, ɗan wasan faɗa mai haɗa dambe da kokawa, ya kwantar da wani malamin Taici cikin ƙasa da rabin minti. Ɗan damben da ya saba shan kisa a fage ba zai tsaya jiran ka daidaita kwankwaso ba. Ina jin zafin masu sayar da tsayuwa kamar laya, suna cewa tana sa a kayar da mutum ba a taɓa shi ba. Su ne ke sa yara irin Auta su raina abin da ke da amfani na gaske. Ban so ya zama mai ƙirga minti, ban kuma so ya watsar ya tafi da kafaɗar nan tasa a kulle, ya yi ta naushi da hannu kaɗai.

Da rana na ci taliya a wurin mutanenmu Musulmi na bakin titi. Waya da gida, Hajiya lafiya, an fara hunturu can ma.

Bayan isha na tura wa Auta saƙo: gobe ƙarfe 6:30, ya bar wayar a jaka, minti 8 kawai za mu yi, ni zan riƙa dafa kafaɗarsa duk lokacin da ta hau, sannan mu yi turin hannu ya ji bambancin da jikinsa. Ya buɗe saƙon tun ɗazu, bai amsa ba tukuna.