Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Yaye a Gidan Inna

A makon jiya na tsaya a inda ma'aikaciyar jinya ta gama duba kunnen yaron, ta ce jinsa lafiya lau. To in kunne lafiya, me ya riƙe bakin? Lokacin saura wata biyu ya cika shekara biyu, amma ban da "Mama" da "a'a" ba ya furta komai. In ƙishirwa ta kama shi, zanina yake ja ya nuna kofi da yatsa.

Ta ajiye biro ta dube ni. "Maman yaro, wa yake yi masa hira a gida?"

Na sunkuyar da kai. Ɗan fari ne. Yadda muka tashi, uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a idon mutane. A babban gida wannan kunyar ba ta cutar da kowa, don ga kaka, ga gwaggo, ga 'yan mata masu rububin goyo, yaro ba ya rasa bakin da zai kalla. Ni kuwa na ɗauko kunyar na kai ta Rijiyar Zaki, gidan da daga ni sai shi, katanga doguwa, ƙofa a kulle, maigida yana Kantin Kwari tun safe sai bayan isha. In ya yi kuka in miƙa masa waya, ya yi tsit, ni kuma in ce Allah ya ba ni yaro mai haƙuri.

Matar nan ba ta yi mini faɗa ba. Ta ce yawancin yara kan fara gwaranci wajen wata 6, kalmar farko wajen shekara guda, a shekara biyu kuma suna da kalmomi kamar 50, har suna haɗa biyu. Ta ce tun 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada a zaunar da yaron da bai kai shekara biyu ba gaban waya ko talabijin. "Waya tana magana," in ji ta, "amma ba ta jira ya amsa."

Ana haka laulayi ya kama ni, aka ce a yaye shi. Aka kai mu wajen Inna, a ƙauyenmu da ke bayan Bichi. Bisa al'ada ajiye shi zan yi in juyo, rashin lafiyar ce ta zaunar da ni, kuma har gobe ina gode wa Allah da ya zaunar da ni ɗin.

Da kaka ne, an gama girbi, tsakar gida cike da gero. Washegari da hantsi Inna ta shimfiɗa tabarmar kaba, ta zaunar da shi gaban ƙwarya. "Angona, kawo hannu." Ta cusa hannun cikin tsaba har wuyan hannu. "Af, ina hannun angona? Ya ɓata! Ga shi!" Ta ɗebo ta sako daga sama, yana zuba shaaa a kan faifai. "Gero. Ka ji kukansa? Gero." Sai ta yi shiru, ta zuba masa ido.

Shirun nan shi ya fi tsaya mini a rai. Ba ta cika shi da surutu. Takan faɗi kalma ta jira, komai ya fito daga bakinsa, ko da "eh" ne, ta karɓa kamar babban mutum ya yi magana. "Haka ka ce? To madalla, a ƙaro maka."

Kullum da abin da za ta sa a hannunsa. Ta goga masa auduga a kumatu ta ce laushi, ta ja tafinsa a bakin tabarma ta ce kaushi. Ta tsoma ƙafarsa a ruwan randa, ya zabura, ta ce sanyi. Ranar da ta ɗiga masa ruwan tsamiya a harshe ya yamutsa fuska, gidan ya kwashe da dariya, ita kuwa tana ta maimaita "tsami, tsami". Daddawa ma sai da ya shaƙa. Yaran maƙwabta suka koya masa kwaɓa laka, suna gina shanu yana fasawa. Amma wake da gyaɗa ba ta yarda su zo kusa da shi, ta ce su ne ke shigewa hanci da maƙogwaro, kuma ana gama wasan ruwa take kifar da bahon.

Bayan isha sai tatsuniya, don Inna har yau ba ta yin ta da rana. "Ga ta nan, ga ta nanku." Yara su amsa, "Ta zo mu ji ta." Tana rungume da shi tana kwaikwayon tsamin bakin Gizo, ta siranta murya ta zama Ƙoƙi, ta yi gurnanin kura yana jin rawar ƙirjinta a bayansa. Tatsuniya ɗaya ce kowane dare. Da na tambaye ta dalili, ta ce, "Ɗan wannan shekarun wadda ya sani yake so, don ya riga ki zuwa ƙarshe."

A dare na goma sha biyu ta kai ƙarshe, ta buɗe baki za ta rufe, sai ta tsaya. Kowa ya yi shiru. Yaron ya ɗago ya dube ta, ya ce, "Kuyunkus!"

Ina daga bakin ƙofa, na ja mayafi na rufe fuskata. Inna ta gan ni. Da yara suka watse ta miƙo mini shi. "Ungo mijin nawa. Kunyar nan don idon mutane aka yi ta, a ɗakinki wa yake kallonki? Gobe ke za ki yi."

Na yi, muryata tana rawa, ban ma kai rabi ba na rikice. Ya ɗora yatsunsa a leɓena yana bin motsinsu, ya ce, "Ƙaya." Ƙara yake nufi.

Ranar komawa Kano, Inna ta ɗaure mana kwano biyu na gero da 'yar ƙwarya. Abin da maigida ya ce da ya shigo ya tarar da gero warwatse a kan kafet ɗin falo, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.